Kwana Uku a Lisbon

Ni ba mai son yawon buɗe ido ba ce. Shekarata ashirin da biyu a Maryland, gidanmu a Bowie, ga Washington nan a bayan gida, amma ban taɓa shiga gidajen tarihin da mutane ke tahowa daga wata uwa duniya don su gani ba, sai in an yi baƙi daga gida sun matsa mini. Nas ce ni. In na taso daga asibiti babu abin da nake so irin in cire takalmi in ɗora ƙafafuna a kan kujera. To amma Allah ya ba ni 'ya mai son gani.

'Yar farina ce. A shekararta ta ƙarshe a sakandare ta kamu da son Lisbon, babban birnin Fotugal, ban san inda ta kwaso shi ba. Ta cika mini ƙofar firji da hotuna, wata hasumiya tsaye a bakin ruwa, da wani ɗan jirgin ƙasa rawaya yana hawan tudu, da gidaje masu jan rufi. In zan ɗauko madara sai na gaisa da hasumiyar nan. Ranar da ta ishe ni na ce, to, ki gama makaranta lafiya, in za mu gida hutu sai mu bi ta can mu yi kwana uku. Ta yi tsalle ta rungume ni har sai da na ce ta sake ni kada ta karya ni.

Gida kuwa Zariya ne, kuma Zariya a wurina Goggo ce. Ƙanwar mahaifina ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, aka ba ta ni ranar da aka yaye ni. Ita ta riƙe kunnena ta kai ni firamare ina kuka. Ita ta tsaya kai da fata sai na yi makarantar nas, lokacin da kowa ke cewa ya isa haka. Sunanta 'yata ta ci, shi ya sa takwara take ce mata. Rabona da ita shekara huɗu.

Ana saura wata biyu tafiya muryarta ta canza a waya. Wani ba zai ji ba, amma ni aikina ke nan, ina jin yadda take tsayawa tsakanin kalma da kalma tana neman numfashi. Na kira Yaya, babban wanmu, wanda gidansa ke jikin nata. Ya ce jiki da sauƙi, zazzaɓi ne da tsufa. Na ce ya ɗauko mini hoton takardun gwaji, ya ce suna wurin likita. Na ce a haɗa ni da ita ta bidiyo, ya ce sabis ba kyau. Ni kuwa na san mutanenmu. Ba ma gaya wa na nesa gaskiyar ciwo, wai kada a tayar masa da hankali. Mutum yana kwance an sa masa iska a hanci, a ce maka ya sha kunu da safe. Kuma in har za a faɗa, ba mace ake gaya wa ba, mijinta ake kira.

Shi ya sa na koma wurin nawa mijin. Injiniya ne, kuma haka kowa ke kiransa, mutum mai sanyi wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni ce mai faɗan gidan, kowa ya sani. Ranar Litinin da yamma, saura kwana biyu mu tashi, muna kicin na ce masa, "Baban yara, don Allah ka kira Yaya. Kai zai gaya maka gaskiya. In jikin ya yi tsanani a canza tikiti mu wuce kai tsaye, Lisbon ba gudu za ta yi ba. Ni dai in same ta da rai."

Ya ɗauki waya ya fita bayan gida. Ina hango shi ta taga yana kai da kawo a kan ciyawa, hannu ɗaya a aljihu. Ya daɗe. Da ya dawo sai ya wanke hannu a famfo, ya goge, ya ce, "Da sauƙi. Ku yi tafiyarku yadda aka tsara."

Na kalli tsakiyar idonsa. Shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Na ce alhamdu lillahi, na koma kan miyata.

Ranar Laraba shi ya kai mu filin jirgi. Shi ya ɗaga jakar Goggo ya ɗora a sikeli, wadda na cika da man zafi da safa masu kauri da rigar sanyi da abin awon hawan jini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, garin yana da kyau. Da ma mummuna ne, da na samu abin zagi. Mun sauka Alhamis da safe, kafin azahar yarinyar nan ta ja ni wani makeken dandali a bakin ruwa, gine-gine rawaya sun kewaye shi ta gefe uku, ga wata babbar ƙofa ta farin dutse, gefe na huɗu kuma kogin Tejo, faɗinsa har ka ce teku ne. Hanyoyin ƙafa duk ƙananan duwatsu ne farare da baƙaƙe an jera su da hannu, sun sha tafiya har suna santsi. Gwiwoyina suka gaya mini. Muka cusu cikin ɗan jirgin nan rawaya da na gaji da gani a firji, yana ƙara yana hawa unguwar Alfama, lunguna ƙanana kamar na cikin birnin Zariya, shanyar mutane na kusan shafar tagar. Tana riƙe da hannuna. Yarinyar da in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, ranar ita ce har da "Umma, duba can!" Na yi dariya har da hawaye. Da la'asar na kira Yaya, ya ce Goggo tana barci.

Juma'a muka tafi Belém ganin hasumiyar. Layi muka tarar, rana na dukanmu, mun fi awa a tsaye. Da aka shiga kuma matakala ce matsattsiya mai murɗewa, mutum ɗaya take ci, sai na sama sun sauko na ƙasa su hau. Ina hawa ina mita, ina cewa wane zunubi na yi. Amma da muka kai sama iska ta buge ni, na ga inda kogi ke shiga teku, sai na manta da mitar. Gaba kaɗan akwai wani dogon gini mai siffar goshin jirgin ruwa, an jera mutanen dutse a jikinsa, duk suna kallon ruwa. A ƙasa an zana taswirar duniya da duwatsu masu launi. 'Yata ta je ta tsaya a kan gaɓar Afirka ta Yamma, ta kama yi mini lacca da Turanci a kan jiragen da suka tashi daga nan da mutanen da suka kwaso. Na ce, to malama, na ji, amma yunwa nake ji.

Muka ci wani ɗan kek nasu mai ƙwai da madara a tsakiya, da zafinsa, ana barbaɗa masa kirfa. Uku na ci. Uku, wallahi, har ina lashe yatsa. Muka shiga wani tsohon gidan ibadar Kirista da ke kusa, an sassaƙa dutse kamar saƙar hannu, na yi ta ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Na shimfiɗa mayafina a gindin wata bishiya na yi salla. Da yamma na kira mijina, ya ce fitowarsa daga masallaci ke nan. Ya ce, "Ku ji daɗinku, yarinyar ta daɗe tana jira."

Asabar muka hau tudun da tsohuwar ganuwar São Jorge take. Mai yi mana bayani ya ce Musulmi sun yi mulkin garin a da, kuma akwai aikinsu a jikin ganuwar, na ɗan ji daɗi kamar kakana ne ya ɗora dutsen. Ɗawisu na yawo a tsakar wurin ba ruwansu da kowa. Daga sama ana ganin garin duka, jan rufi har bakin ruwa, da doguwar gada ja can nesa. Wata Baturiya ta ɗauke mu hoto, ni da 'yata kai a haɗe, bakina har kunne. Nan take na tura zauren dangi na waya, na rubuta, a nuna wa Goggo takwararta.

Zauren nan in ka tura hoton tukunya sai an yi maka sharhi talatin. Ranar babu wanda ya ce uffan. Ina kallo, wannan ya gani, wancan ya gani, shiru. Na kira Yaya sau huɗu bai ɗauka ba. Na kira mijina, ya ce wataƙila ba wuta ne, wayoyi sun mutu. Waya ta mutu kuma ta ga hoto? Na san amsar bai shiga ba. Amma yarinyar na jan hannuna mu je mu ga ɗawisu ya baza jela, ni kuma ina so in yarda, sai na yarda. Wannan laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

A watannin nan agogon Lisbon da na Zariya ɗaya ne, ba sai na yi lissafi ba. Goggo ta cika da hantsin Asabar ɗin. Lokacin da nake washe baki a kan ganuwa, ana ɗauke da ita zuwa maƙabarta.

Babu wanda ya gaya mini. Lahadi muka tashi, aka yi canjin jirgi, Litinin muka sauka Kano. Yaya da kansa ya zo ɗaukarmu. Na ce, "Yaya, Goggo fa?" Ya ce, "Mu je dai." Daga Kano har Zariya yana maganar hanya da tsadar mai. Muna karya kwanar layinmu na hango rumfa da tabarmi da maza a zaune. Ranar sadakar uku ce.

Ban san yadda na fita daga motar ba. Abin da na sani shi ne na tare Yaya a tsakar gida, gaban mata, gaban surukai, na wanke shi tas. Mutumin da ban taɓa kallon idonsa ba. Na ce maƙaryaci ne, na ce da ya buɗe baki da tun Juma'a ina gefenta, na ce ya cuce ni cutar da ba zan yafe ba, ba ni ba shi. Mahaifinmu, tsoho mai sanda, yana daga ƙofar ɗaki yana cewa ke, ke, ban ko juya ba. Yaya ya sunkuyar da kai, abin da ya ce kawai, "Ki yi haƙuri." Na shiga ɗakin Goggo, an naɗe katifa an jingine. Aka shigo da jakar man zafin aka ajiye a gefena. 'Yata tana bakin ƙofa tana kuka da Turanci, wai ita ta jawo. Na ce ta rufe mini baki, ba ita ba ce.

Sati uku muka yi muka dawo Bowie. Yaya ya yi ta kira, ina gani ina kifa wayar. Mijina kuwa ya zama abin kwatance. Shi ne dafa shayi, shi ne tarbar masu ta'aziyya, shi ne kai ƙananan yaranmu makaranta. Har yana ce mini in sassauta wa Yaya, ba da mugun nufi ya yi ba. Ina kallonsa ina cewa a raina, kai, Allah ya ba ni mutumin kirki.

Da kwana arba'in ya zagayo, wata dattijuwa da duk muke kira Hajiya ta ce a yi addu'ar a gidanta a Mitchellville, falonta ya fi nawa girma. Ranar Lahadi ce bayan azahar, maza a sama, mata a falon ƙasa, an yi waina da miyar taushe. Bayan an shafa, Hajiya ta jawo ni kusa da ita ta riƙe hannuna.

Ta ce, "'Yata, ki sa haƙuri. Addu'a kam an yi mata iya yi. Tun Juma'ar nan da Injiniya ya miƙe a masallaci ya ce surukarsa tana asibiti rai a hannun Allah, babu wadda ta huta a cikinmu."

Na ce, "Hajiya, wace Juma'a?"

Ta ce, "Ai kuna hanya lokacin."

Wata ta miƙe wai za ta duba shayi. Wata ta kama gyaran ɗaurin ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, matan da muke cin abinci kwano ɗaya, waɗanda suka yi ta turo mini alamar zuciya a kan hoton kek ɗin da na tura musu. Ashe duk Maryland an sani. Ni kaɗai ce sakarar da ke layin hasumiya. Hajiya ta gane ta yi ɓaranɓarama, ta ce, "Au, bai…" ta kasa ƙarasawa. Na ce babu komai, Hajiya. Har waina na ƙara.

Na bari sai da muka shiga mota, ni da mijina, yaran sun bi wata ƙawata. Ya tuƙa har ƙofar garejinmu, ya tsaya ya kashe injin. Rana ba ta ko faɗi ba, maƙwabcinmu yana yankan ciyawa.

Na ce, "Ranar Litinin ɗin nan da ka fita bayan gida, me Yaya ya ce maka?"

Ya ce, "Ya ce likitoci sun ce kwanaki ne. Ya ce ki taho yanzu."

"Ya ce in taho."

"Ya ce."

"Kai kuma ka ce da sauƙi."

Ya ce ya duba ne. Ya duba hawan jinina, ya ga ba zan iya tafiyar kwana biyu a jirgi da wannan tashin hankali ba. Ya duba yarinyar da ta shekara tana jira. Ya ɗauka Goggo za ta kai Litinin, kwana uku ne kacal. Ya ce, "Kuma ko kin je, me za ki yi? Za ki hana abin da Allah ya rubuta ne?" Duk da muryar nan tasa mai sanyi. Sannan ya ce, "Ni aka gaya wa. Ni ke da alhakin in duba abin da ya fi."

Ni da ake ce wa mai baki, da ƙyar na ce, "Ka tashi ka gaya wa masallaci guda. Ni da ta goya, ka ce in ji daɗina." Na ce, "Kana zaune ina zagin ɗan'uwana kwana arba'in." Ya ce ya so ya faɗa, yana jiran in huce. Na buɗe ƙofa na fita. Ban fasa kwano ba, ban haɗa kaya ba. Ina zan je? Washegari ina da aiki, ƙananan suna da makaranta. Har yau muna gida ɗaya, ina dafawa yana ci, yana gaishe ni ina amsawa. In ya ce mini ana ruwa a waje, sai na leƙa taga.

Da safe kafin in shiga asibiti na zauna a mota na kira Yaya. Bugu ɗaya ya ɗauka. Na ce, "Yaya, na ji komai. Ka yafe mini." Ya ce babu komai, ai zafin rashi ne. Na ce me ya sa ka tsaya ina ci maka mutunci gaban mutane, ba ka ce ka aiko ba? Ya ce, "In ce me? In kashe miki aure ranar sadakar uku?"

Na ce, "To yau ka gaya mini gaskiya, ko sau ɗaya. Ta neme ni?"

Ya ce, "Ranar Juma'a ta farfaɗo, ta yi magana sosai. Ta tambaye ki. Muka ce kina hanya. Ta ce a gyara mata ɗankwali kada ki zo ki same ta haka."

Na kifa kai a sitiyari. Wata abokiyar aikina ta wuce ta ɗago mini hannu, na ɗago mata.

Sannan na ce, "Yaya, Baba ya tsufa, kai ma ka gani. Ina roƙonka abu ɗaya. Duk ranar da wani abu ya taso, ni za ka kira. Lambata. Ba tasa ba."

Ya ce, "Haba, ƙanwata. Ba a haka. Mijinki ne."

Na ce na roƙe ka don Allah.

Ya ce, "Allah dai ya ba Baba lafiya. Ki gaida Injiniya."